Shirun Amra

Uzunyayla, Turkiyya, Afrilu 1974

Yaya Goshnago,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki? Ya mutanen Amman?

Ki yi haƙuri da wannan rubutu kamar kaza ta bi ta kan takardar. Idon ne. Likita a Kayseri ya ce kafin a girbe alkama hagun ma zai bi dama.

Ba makantar ce ta dame ni ba, Yaya. Amra ce, matar ɗana Tembot. Shekararta goma sha tara a gidan nan ban taɓa jin muryarta ba, kamar yadda al'adarmu ta ƙabilar Adige ta ce suruka ba ta magana da uban miji. Da hannu take nuna min komai: ga tuwon gero, ga cuku, ga baƙo a ƙofa. To in na daina ganin hannun fa? Tembot yana Jamus yana aiki, daga ni sai ita a gidan. Wallahi tsoro nake ji.

Ƙaninki, Pishimaf

Amman, Mayu

Pishimaf, mai taurin kai,

Na amsa gaisuwa. Ƙafa tana nan, ba ta kai kanka tauri ba.

Yau ka san tsoro? Sau biyu marigayiya matarka ta roƙe ka ka yanka rago ka saki bakin yarinyar nan. Ka ce kakanmu bai tsallako teku daga ƙasarmu ta asali, Kafkas, da komai ba sai al'ada, kai ba za ka zubar ba. Ni na zauna da kakan nan, kai kana goye. Ranar da surukarsa ta haifi ɗan fari ya saki bakinta, don yana son mai yi masa gardama.

Ita kuma Amra 'yar ƙabilar Abaza ce, sun fi mu riƙon al'ada. Ko gobara ta tashi ba za ta fara yi maka magana ba. Tara dattawa, ka ba ta ɗamarar azurfar Inna, ka roƙe ta da bakinka. Roƙo na ce, ba umarni ba.

Na yi kukan idonka, amma kada ka faɗa wa kowa.

Yayarka

Uzunyayla, Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa. An yanka ragon, an ci, na miƙa ɗamarar. Na tashi a gaban jama'a na ce, "'Yata, na tsare miki baki ya isa. Ki yafe min, ki yi min magana." Ta karɓa, ta sunkuya, ta fice. Ko uffan. Kwana tara ke nan. Maƙwabta sun ce kunya ce. Ni ina ganin na makara ne, kuma ban ga laifinta ba.

Layin nan ma da ƙyar nake ganinsa. Ki sa ni a addu'a.

Pishimaf

Uzunyayla, Agusta

Yaya,

Gaisuwa. Limamin ƙauye ne ke rubuta min, idon ya rufe.

Ranar Juma'a na fito zan tafi masallaci, sai na ji murya a bayana, 'yar siririya, tana rawa: "Baba, a hankali, akwai matakala." Na tsaya cak. Na ce, "Me kika ce?" Ta ce, "Ka ji ni sarai, Baba."

Yaya, ni na gina matakalar nan da hannuna, uku ce, ko a mafarki ba zan ɓata ba. Amma tun ranar, kullum sai na tsaya a bakinta kamar na manta.

Allah ya bar zumunci.

Pishimaf