Gilashin Motar Baba

Assalamu alaikum Yaya Bello,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya sanyin can? Mu nan Tambuwal lafiya lau.

Motar lantarkin da ka aiko wa Baba ce ta gamu da tsautsayi. Muna dawowa daga Kebbe wani bijimi ya kai wa gilashin gefensa ƙaho, ya tarwatse. Alhamdulillahi, Baba ko ƙwarzane bai yi ba.

Na so mu wuce babban shago a Sakkwato, amma Baba ya ce, "Ba ni tsallake Umaru, ɗan aminina." Umaru mai gilashi ya duba ƙofar ya ce, "Baba, irin wanga ba a yanka shi, sai na kamfani. In na taɓa, na cuce ka." Ya rufe shagonsa ya raka mu Sakkwato wurin maigidansa, aka yi oda. Ranar saka gilashin ma Umaru yana tsaye a kai. Baba bai daina sa masa albarka ba har muka iso gida.

Ka sa mu a addu'a, kar ka manta da Umaru. Inna tana gaishe da jikokinta.

Ƙanenka,
Nasiru