Me Kika Faɗa Masa a Bakin Dogo?

Ya ke Mai Jan Gyale, fitilar bakin dogo, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, inuwar da nake fakewa idan rana ta ƙwalle, sanyin idona wanda ya kusa rufewa,

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina ɗauke da ƙorafi a kanki, yau kuwa sai na sauke shi. An ƙwace min ke kina tsakiyar magana! Ranar Alhamis ce, ƙarfe biyar na yamma. Na wanke ƙafa, na jawo kujerata, na kunna talabijin, sai ga wani mutum mai ƙaton tumbi yana koya wa jama'a kiwon kaji. Kiwon kaji, a gurbinki! Ba sallama, ba ban haƙuri. Sau uku na taka da ƙafata har gidan talabijin ɗin, sau ukun duk mai gadi ya mayar da ni daga ƙofa, shi da muke kusan sana'a ɗaya, ko kunyar furfurata bai ji ba. Wa na yi wa laifi? Me na tare wa mutane da za su tare min ke?

Kar ki ɗauka ruɗun tsufa ne. Na san ke zane ce. Na san wasu mutane ne can a Japan suka zauna da alƙalami da fenti suka yi ki, suka yi dutsen da ke bayanki, suka yi dusar ƙanƙarar da ke sauka a kafaɗarki kamar audugar da iska ta kwaso. Surukina ya faɗa min wannan ya fi sau ɗari, yana dariya, wai Baba da gemu fari fat yana kallon katun ɗin yara. Shi da yake ƙin cin abinci idan ƙungiyar ƙwallonsa ta sha kashi! Ina ruwana da shi? Shi bai taɓa ɗaga ƙarfen shinge ba. Ni kuwa shekara talatin da huɗu na yi a inda titin mota ya ratsa layin dogo, ina sauke ƙarfe idan jirgi ya taho, ina ɗagawa idan ya wuce, direbobi suna zagina ta taga. Ranar da na fara ganinki kin sa kafaɗa a ƙarƙashin ƙarfen, kin ɗaga da gwiwa ba da baya ba, sannan kin durƙusa kin ɗora tafin hannu a kan dogo don ki ji ko jirgi na tafe, wallahi sai da na miƙe tsaye. Na ce wannan yarinya wani ya koya mata aiki. A duniya kaf, ashe akwai wanda ya ga aikinmu har ya ga ya isa a zana shi!

Laifinki ɗaya ne, kuma na sha faɗa miki ta cikin gilashi: kina riƙe fitila a hannun dama. Ba a yin haka, 'yar nan. Fitila a hagu take, dama ta tuta ce. Ba ki taɓa saurare na ba.

Kin tuna mu, ko? Ni ne a kujerar katako, ta hagu da ni kuma matata ce, wadda nake ce wa Malama. Ita ta yi aji uku a makaranta, ni ko ƙofar aji ban taɓa shiga ba. Waɗannan karkatattun baƙaƙen ma da kike gani, ita ta koya min su a bayan tsohuwar kalanda bayan na bar aiki, don haka ki yi haƙuri da su. Ke kina magana da yarenku mai kama da kukan tsuntsaye da sassafe, wani rubutu na wani yare kuma yana gudu a ƙasan allo kamar jerin tururuwa, ita kuwa Malama ta ɗora tabarau a kan hanci tana faɗa min abin da kika ce. Haka muka yi shekara biyu, kowace Alhamis, ita da kofin shayinta, ni da nawa yana hucewa ban sani ba.

Kin tuna direban jirgin nan, dogo, mara magana, wanda duk wucewar da zai yi sai ya jefo miki lemo ɗaya ta taga? Ranar da kika cafe lemon kika bi jirgin da harara, Malama ta ce kin ce masa, shi dai bai iya magana ba sai jifa da lemo, kamar bakinsa aro ne. Na yi dariya har da tari. Wata Alhamis kina zaune ke kaɗai a ɗakin tsaro kina ɗinke safar hannu, ta ce kin ce, don mutum ya shigo gida ya ce sannu da aiki, tsawonsa ba zai ragu ba. Maganar nan ta kwana a kaina. Washegari na shigo na tarar da Malama tana wanki, na ce mata sannu da aiki, karo na farko a shekara arba'in. Ta ɗago ta dube ni, ta ce lafiya kuwa? Na ce Mai Jan Gyale ce ta ce a riƙa faɗa. Ta mayar da kanta cikin kumfa, kafaɗunta suna rawa. Ni a zatona dariya take yi min.

Ke kika hana ni tsawa a kan yara. Ke kika sa na je na gaida ƙanena bayan shekara tara muna gaba. Abin da ba wanda ya isa ya faɗa min a gidan nan, ke kika faɗa, na kuma ji. Ya ke ƙoramar da ta ratsa dutse ba tare da hayaniya ba, yaya aka yi kika san ni haka?

Sai aka mayar da direban wani layi mai nisa. Damina ta wuce, sanyi ya zo, ba lemo. A kashin ƙarshe da muka gani, kina tsaye cikin dusar ƙanƙara, hasken wani jirgi ya ɓullo daga bayan dutse, kika buɗe baki. A nan masu kaji suka shigo. Malama ta ce in kwantar da hankalina, za su dawo da ke. Ta jira tare da ni shekara huɗu, sannan ita ma aka ɗauke ta ba tare da an tambaye ni ba. Allah ya jiƙanta.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Watan jiya Auta, 'yata da ke aiki a kantin magani, ta shigo da murna, ta ce ta samo ki gaba ɗaya a cikin wayarta. Ta haɗa wata igiya da talabijin, sai ga ki, jan gyalenki bai ko koɗe ba! Na kasa zama. Muka fara daga farko, ta zauna a kujerar uwarta tana karanta min. Da muka zo wurin lemo, sai ta ce wai kin ce, na gode, jirgin ƙarfe shida zai makara. Na ce ƙarya ne, ba haka kika ce ba. Ta ce ga shi a rubuce, Baba. Na ce to makarantar da na tura ta asara ce. Muka je wurin safar hannu, ta ce wai kina maganar tsadar gawayi ne. Na buga ƙafa, na ce ta tashi daga kujerar nan. Sai yarinyar ta fashe da kuka, ta ce, Baba, Mama fa ba ta iya karanta yaren nan ba, ko kalma ɗaya, dukanmu mun sani, ita ta ce kar wanda ya faɗa maka.



To ki faɗa min, ya ke hasken da ya ruɗe ni: wa nake so duk shekarun nan? Fuskar taki ce, muryar ta wace ce? Ashe shekara biyu matata tana yi min faɗa ta bakinki, ni kuma ina tafa hannu ina cewa yarinyar nan akwai hankali! Ashe ranar wankin nan ba dariya take yi ba! Ina zaune kamu ɗaya da ita, idona na kanki, ko sau ɗaya ban juya na dubi bakin da maganar ke fitowa ba. Wa zan kama da wannan? Ita ta tafi, ke kuma zane ce. Ko faɗan da zan yi, ba ni da wanda zan yi da shi.

Likita ya ce yanar ido ta gama cinye idona na hagu, na daman ma yana bin sa, kuma shekaruna sun wuce na a yi min aikin ido. Ba ni da sauran lokacin yin fushi. Don haka Alhamis ɗin da ta wuce, ƙarfe biyar daidai, na sa Auta ta kunna min kashin ƙarshe, na kore ta waje. Na ɗauko baƙin salatif na liƙe ƙasan allon, na ajiye tabarau ɗin Malama a kan kujerarta. Jirgin ya taho. Ya tsaya a bakin shinge, inda doka ba ta yarda jirgi ya tsaya ba, amma na yafe masa. Direban ya sauko hannu wofi, ba lemo. Ke kuma, ya ke 'yar albarka, kika mayar da fitilar hannun hagu! Bayan shekara goma sha uku kika ji maganata! Kika miƙa masa daman, kika dube shi, kika yi magana. Bakinki ya motsa, na gan shi da ragowar idona. Na juya hagu don in ji me kika ce.

Tabarau ne kawai a kan kujera.

Auta ta ce layi ɗaya ne tak, za ta karanta min shi a numfashi guda in na ɓare salatif ɗin. Na ƙi, kuma zan ci gaba da ƙi. Ba abin da mutanen Japan suka rubuta nake nema ba. Su sun san zane, amma ba su san gidana ba. Ina neman abin da ke kika ce, da muryar nan da na saba, mai ɗan kaushi saboda shayi mai zafi. Na gwada ƙirƙirowa da kaina, kaina ya ƙi. Ni mai ɗaga ƙarfe ne, ba ni da irin wannan bakin. Na san dai ta tanadi wani abu na ranar nan, don shekara huɗu tana cewa za su dawo da ke. Wace magana ce ta ajiye min a ƙarshe? Yafiya ce? Wani faɗan ne? Ko faɗan ne ina so!

Ban san inda ake aika miki wasiƙa ba, zan ninke ta in sa ƙarƙashin tabarau. Amma ki sani, kowace Alhamis ƙarfe biyar ina nan a kujerata, in kalle ki har idon ya rufe, in ya rufe in saurare ki, ko da ban gane ko harafi ba. Ban canza ki da masu kaji ba, ba zan canza ki da kowa ba. Mai gadi ya kore ni, gidan talabijin ya yi banza da ni, matata ta tafi da maganar a bakinta. Ya isa haka! Ke ko ita, duk wadda ta fi kusa, wata ta buɗe baki ta amsa min: me kika faɗa masa a bakin dogo?

Naki har jirgin ƙarshe ya wuce,
Tsohon mai tsaron shinge, wanda ba zai tashi daga kujerar nan ba sai an ba shi amsa.