Ba zan cire ko kiret ɗaya daga bangon nan ba

Salama gare ku 'yan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda zai ce in daina jin kiɗa ya riƙe tasa.

Ni malamar makaranta ce a Samaru, na yi ritaya, ina zaune a Muchia ni da autata tun rasuwar maigidana. Shekarun da na yi ina buga tulu a zumuntar matan coci sun cinye min kunnen hagu, to ni kiɗa in bai daki ƙirjina ba ban ji shi ba. Maƙwabcina Alhaji yana koyar da karatu a zaurensa bayan la'asar, ya aiko matarsa Hajiya cikin mutunci ta ce sautin yana shigar musu. Ban ja ba, mutanen kirki ne, da su muka yi zaman makokin mijina.

Gidanmu a gangare yake, akwai wani ɗaki a ƙasa da muke zuba masara. Na kwashe ta, na bi masu ƙwai a kasuwar Sabon Gari ina roƙon tsofaffin kiret har suka sa min suna Maman Kiret, kafinta ya buga su a bango. Kiret kaɗai bai hana komai ba, sai da muka jera buhunan dusar katako, muka toshe taga da tsohuwar katifa, muka sa ƙofa biyu. Na ƙure sifika na aika a tambayo Hajiya, ta ce ba su ji ko ƙus ba. Ranar na yi rawa ni kaɗai har gwiwata ta yi ciwo.

Abin da ban kawo a raina ba, ɗakin da sauti ba ya fita, ba ya shiga kuma. Asabar da ta wuce yayan mijina, Baba Ayuba, ya taso daga Zonkwa ba sanarwa, da dattawa biyu, kan maganar auren autata, don shi zai karɓi dangin yaron a madadin ubanta. Yarinyar tana kasuwa, ni kuma ina cikin ɗakin nan na ƙure kiɗa. Suka yi sallama sau uku, suka buga ƙofa, ga takalmina a bakin ɗaki, ga tukunya a kan gawayi. Ya kira wayata, tana falo. Suka juya.

Da na fito na ga kiransa, na kira shi na ba shi haƙuri, na yi bayani, bayanin ya ƙara ɓata lamarin. Ya ce ashe ƙaninsa yana kabari ni ina cikin rami ina rawa, na kunyata shi gaban dattawa. Sharaɗinsa a kwashe kayan ɗakin nan a mayar da masara, in ba haka ba mu nemi wani uban.

Barin baƙo a ƙofa laifina ne, zan je har Zonkwa in durƙusa. Na ma sa mai wuta ya haɗa min ƙararrawa da ƙwan fitila, in an danna in gani. Amma ɗakin nan ba zan taɓa shi ba. Tun da aka binne ƙaninsa Baba bai taɓa takowa ya ga yadda nake zaune ba, sai yanzu da na samu abu ɗaya da yake sa ni dariya. Maganar ramin nan ta ƙona min rai ƙwarai.

Jiya autata ta same ni tana kuka, ta ce, "Mama ki cire mana, bayan biki sai ki mayar, wa zai sani?" Na ce mata ni zan sani. Dangin yaron ƙarshen watan nan za su zo, kuma ba su zama sai da ɗan'uwan uba.

To 'yan gida, yaya zan yi? Ba na son a fasa auren 'yata saboda ni. Amma ranar da aka kai ta ɗakinta kowa zai hau mota ya tafi gidansa, shi ma Baba haka, ni za a bari a gidan nan ni kaɗai. In na kwashe ɗakin, ku faɗa min, wa zai zo ya taya ni zama?