Inna a Ƙarƙashin Bishiya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba, ya idon nasa?

Jiya da na tashi daga aiki a asibiti ban hau mota ba, na ratsa ta lambun tsakiyar gari. Ashe baje kolin mutum-mutumi ake yi a fili. Akwai wata ƙofa tsaye ita kaɗai ba bango, mutane na ta shiga suna fita suna dariya. Akwai tsuntsayen waya da iska ke juyawa, inuwarsu na yawo a kan ciyawa. Na yi ta tafiya kamar mai mafarki, ƙarar motoci ta yi nisa.

Can ƙarƙashin wata bishiya sai ga mace ta ƙarfe zaune a keken ɗinki, ƙafa ɗaya a kan feda, ta karkata kai kamar ana mata magana ta kunnen da ba ya ji sosai. Yaya, Inna ce. Har yadda take tura ɗankwali baya. Ganye na zubo mata a cinya, ni kuwa ina tsaye ina jira ta ɗago ta ce na rame.

Mai gadi ya ce wani dogon mai walda ne ya ƙera ta, yakan zo da safe ya goge mata raɓa. Kin san wanda nake zato.

Ƙanwarki,
Auta

Auta,

Muna lafiya. Idon Baba sai haƙuri, yanzu haske kawai yake bambancewa.

Ke dai da mafarki. Dogayen masu walda sun ƙare a duniya ne? In ma ɗan'uwanmu Dogo ne, sai me? Tun ranar da Baba ya watsar masa da ƙarafunansa ya ce aikin banza ne, Dogo ya sa ƙafa ya fita, ko saƙo bai taɓa aikowa ba. Ni na yi jinyar Inna, ni na rufe mata ido. Shi kuma yana can yana goge ƙarfe.

Ban so karanta wa Baba ba, shi ya matsa. Da na gama sai ya tambaya wane ɓangare ta karkata kan. Na ce ban sani ba. Ki duba masa.

Ki riƙa cin abinci.

Yayarki

Yaya,

Ina gaishe ku. Ki gaya wa Baba hagu ne.

Na koma da sassafe, hazo bai gama tashi daga kan ciyawa ba, gumakan kamar suna iyo a cikinsa. Na same shi durƙushe da tsumma a hannu. Ya yi furfura, Yaya. Ya kalle ni ya ce, "Auta, ke ce kika yi tsawo haka?" Muka yi dariya.

Sai ya ce, "Kina ganin in an kawo Inna za ta gane kanta? Kullum cewa nake sai na yi abin da zan nuna mata sannan in koma gida."

Ashe bai san ta rasu ba. Ni na gaya masa, a nan gabanta. Ya zauna a ƙasa ya jingina kansa da gwiwarta, har rana ta ɗaga, masu kallo suna zagaye mu suna ɗaukar hoto.

Ƙarshen wata za a kwashe komai. Ya ce ba shi da fuskar da zai zo muku da ita.

Taki,
Auta

Auta,

Gaisuwa. Na karanta wa Baba. Ni ma ban iya kai ƙarshe a tashi ɗaya ba.

Muna tafe ranar Asabar, motar safe. Baba ya ce kada ki wahalar da kanki ki bar aiki. Ya ce Dogo ya zo tasha ya riƙe masa hannu, shi zai kai shi wurin Innar ƙarfen.

Ki ce masa ni ban huce ba tukuna. Amma ya zo.

Yayarki