Sukar da Na Ɓoye a Hammata

Zuwa ga Solange, rana mai fasa hazon hunturuna, inabin ƙarshen kaka, zumata mai harbi,

Yau kwana tara da tafiyarki Dijon wurin ƙanwarki. Miyar da kika bari ta ƙare, kyanwa ta daina gaishe ni. Tsohon ɗan jarida kika aura, bari in kawo labarin daki-daki.

Ran Lahadin da kika tafi muna kallon wasan takobi a talabijin: yara ɗaure da waya kamar injin wanki, fitila ja, fitila kore, alƙali na sunkuyawa gaban allo a maimaita masa abin da ya faru a gaban hancinsa. Na ce a zaurenmu na da ba ruwanmu da lantarki, wanda aka soka shi ke ɗaga hannu ya ce, "An taɓa ni." Kika ajiye gahawarki kika ce, "Kai, Armand? Kai ne da wannan wa'azin? Tsoho, ko kunya!" Sai kika ɗau akwati.

Ashe kin sani! Shekara arba'in da huɗu kina sane, kina zuba mini miya!

To, ga gyaran labari, a shafin farko. Zauren nan na bayan gidan burodi, inda babu na'ura sai amana. Sharaɗinmu: in na ci, ki bi ni cin abinci, in kin ci, in daina sintiri a ƙofarku har abada. Maki huɗu da huɗu, saura ɗaya. Kika sauko kamar shaho, tsinin takobinki ya same ni a hammatar hagu kafin nawa ya kai kafaɗarki. Malaminmu yana atishawa, bai gani ba. Na ƙi ɗaga hannu, aka ba ni makin. Kwana takwas ina tafiya kamar kaza mai karyayyen fiffike.

Ya zan yi, tauraruwata? In ɗaga hannu in rasa ki? Wane mahaukaci ne zai sayar da bazara don maki ɗaya?

Ga shi yau na ɗaga, har maƙwabciya ta mayar mini da gaisuwa ta taga. An taɓa ni, Solange. Biyar da huɗu, ke kika ci.

Roƙona ɗaya: kada ki zartar da sharaɗin. Ran Asabar zan tsaya a tasha, hannu a sama, ba zan sauke ba sai kin sauko daga jirgi. Ki tuna kafaɗar nan tana da sanyin ƙashi.

Naki har a kashe fitilar ƙarshe,
wanda kika kayar,
Armand