Jan Biro da Ruwan Batir

Hajiya Ummu Hani, don Allah ki taimaka min da shawara, abin nan ya tsaya min a rai.

Shekara talatin na yi ina koyar da Turanci tsakanin Karaye da Rogo, yanzu na yi ritaya ina noman gyaɗa. 'Yata Rumasa'u tana kwaleji, tana rubuta gajerun labarai da Turanci. Da hutu ta kawo min ɗaya in duba. Hannu ya saba, na ɗauki jan biro na zaƙulo kurakurai arba'in da ɗaya a shafi uku, na rubuta a ƙasa cewa ɗan firamare ma ba zai yi wannan shirme ba. Mu ma haka aka yi mana, kuma ba mu mutu ba. Sai da ta koma makaranta ta turo saƙo, wai wannan ba gyara ba ne, "vitriol" ne. Ƙamus ya ce min kakkausar suka, iyakarsa ke nan. Jiya na tarar babarta tana naɗe ƙuli-ƙuli da takardun labaran, wai yarinyar ce ta ba ta, ta ce ta daina rubutu. Rashin kunya ta yi min, ko ni ne da laifi?

Tsohon Malami, Kwanyawa

Malam, sannu da ƙoƙari. Ƙamus bai yi ƙarya ba, bai dai ƙarasa ba. Asali "vitriol" sunan ruwan nan ne mai cin fata, wanda muke kira ruwan batir. Kalmar daga Latin take, daga sunan gilashi, saboda gishirin da ake samo ruwan daga gare shi yana ƙyalli kamar gilashi. Daga baya Turawa suka laƙaba sunan ga maganar da ke ƙona mutum.

Gaskiya bai kamata 'ya ta jefo wa mahaifinta irin wannan kalma ta waya ba. Amma yarinyar da ta san inda za ta ajiye kalmar da ta tura malamin Turanci neman ƙamus, ai ba 'yar firamare ba ce. Kurakuran a gyara su, ba musu. Layin ƙasan ne ya yi ƙunar.

Ka karɓo sauran takardun tun ƙuli-ƙuli bai cinye su ba, ka karanta babu biro a hannu, sannan ka kira ta. Na lura ka ƙirga min kurakurai arba'in da ɗaya, amma ba ka faɗa min a kan me labarin yake ba.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya yi mata albarka.