Dashe Goma Suna Jiran Izinin Kawu

Assalamu alaikum Kawu,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya aiki, yaya Anti Hajara da yara? Mu nan Ƙofa kowa lafiya, alhamdu lillahi.

Kawu, malamin gona na gwamnati ya zo ya raba dashen mangwaro da darbejiya. Ya ce duk wanda ya dasa a gefen gona za a ba shi taki, wai saiwarsu tana hana ruwa kwashe ƙasa. Da gaske ne? Na so in tambaye shi, kunya ta hana ni.

Mun samu goma, amma Baba ya ƙi dasawa a gonarka da muke nomawa. Ya ce ba a dasa itace a gonar aro, sai a ce yana son mallake ta. Inna ta ce, "Yayana ne fa, tambaye shi mana!"

Dashen suna bayan ɗaki ina ba su ruwa, biyu har sun fara yaushi. Baba bai san na rubuto ba. In ka yarda, don Allah ka kira shi, kamar kai ka fara tunanin.

A sa mu a addu'a. Ina gaida kowa.

'Yarka,
Safiya